Kafin A Ce "Olsa Ce": A Gida Ake Yanke Wa Zuciya Hukunci

Kawuna yana karɓar magani iri 5 a hannuna kowane wata. Nakan ƙirga masa ƙwayoyin da kaina, in rubuta lokacin sha a jikin kowace leda, shi kuma ya sa mini albarka ya fita a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa ya huta kafin ya ƙarasa wurin mai Adaidaita Sahu. Mutumin da a da yake sauke buhun masara daga mota ya kai rumfa ba tare da ya nemi taimako ba, yau sai da matashin kai 3 yake iya barci, domin in ya kwanta miƙe numfashi yakan gagare shi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ni kuwa na san kasona a cikin abin da ya same shi, kuma wannan sanin ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A daren da abin ya faru, bayan sallar isha'i ya kira ni a waya. A danginmu duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ne, don haka ya ce: "Likita, olsar nan ce ta motsa mini, me zan sha?" Na ce: "Kawu, akwai sauran farin maganin nan na ruwa? Ka sha cokali biyu, da safe zan leƙo in sha Allahu." Ban tambaye shi ko yana gumi ba. Ban tambaye shi ko ciwon yana sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi ba. Na san yana da hawan jini, na san ya daɗe da ajiye maganinsa, na san shekarunsa sun haura 50. Duk da haka na karɓi sunan da ya raɗa wa ciwon, na ba shi maganin wannan suna. Da ciwon ya ƙi lafawa, ɗansa ya kai shi kemis ɗin unguwa aka yi masa allurar kashe zafi. Ya kwana a zaune. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka kai shi asibiti, aka bi layin kati, aka jira a kan benci. Lokacin da aka manna masa wayoyin gwajin zuciya, awa 14 sun shuɗe tun farkon ciwon. Likitan da ya karanta takardar ya gaya mana cewa babban yanki na tsokar zuciyarsa ya riga ya mutu, kuma tsokar da ta mutu ba ta dawowa.

Hujjar da nake son kafawa ita ce: mai bugun zuciya, a gida da kemis da kan hanya ake ceto shi ko a rasa shi. Asibiti yana gyara abin da aka kawo masa da sauran rai a jikinsa. Duk wani tsarin lafiya da ke jiran majinyaci ya iso gadon asibiti kafin a fara tunanin zuciya, ihu yake yi bayan hari. Mu ma'aikatan lafiya, da masu kemis, da iyalai, da hukumomi, mun haɗu mun mai da wannan jinkiri al'ada, har mun daina jin kunyarsa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce da ke aiki ba dare ba rana, kuma tana da nata jijiyoyin da ke kawo mata jini. Tsawon shekaru, maiƙo yakan taru a bangon waɗannan jijiyoyi, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba, da mai yawan kitse a jini. Rana ɗaya wannan tarin maiƙo ya tsage, jini ya daskare a wurin ya zama guda, hanya ta toshe. Tsokar da ke bayan toshewar sai ta rasa iskar da jini ke kai mata. Cikin minti 20 zuwa 30 ta fara mutuwa, mutuwar tana faɗaɗa daga ciki zuwa waje awa bayan awa. Wannan shi ne abin da gidajen rediyo ke kira bugun zuciya idan suna sanar da rasuwar wani babba.

Hanyoyi 2 ake da su na buɗe jijiyar. Ta farko, a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa wurin toshewar, a buɗe shi, a bar ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare bangon. Wuraren da ake wannan aiki a Nijeriya ƙalilan ne, kuma a manyan birane suke. Ta biyu, a yi ƙarin ruwa da maganin da ke narkar da gudan jinin, kamar sitireftokainez, wanda yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙa'idar da likitocin zuciya na Turai ke bi ta ce idan ba za a iya kai majinyaci ɗakin bututu cikin minti 120 ba, a ba shi maganin narkarwa nan take. Amfanin wannan magani ya fi yawa a awa 2 zuwa 3 na farko, yana raguwa da tafiyar lokaci, bayan awa 12 kuwa haɗarinsa na jawo zubar jini yakan rinjayi fa'idarsa. Kawuna ya iso bayan an rufe wannan ƙofa da awa 2.

Akwai haɗari na biyu da ya fi wannan sauri. Tsokar da ke cikin yunwar jini tana iya rikita lantarkin zuciya, bugun ya koma karkarwa marar tura jini, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kaso mai yawa na waɗanda bugun zuciya ke kashewa ta nan suke tafiya, a awannin farko, tun ba su ga ƙofar asibiti ba. Su ne waɗanda muke cewa "lafiya lau muka rabu da shi jiya".

Kalmar da ta fi kowace kashe mana lokaci

Ban san wata kalma da ta ci ran masu ciwon zuciya a cikinmu kamar "olsa" ba. Duk zafin da ya tsaya tsakanin cibiya da wuya, olsa ce. Mai ciwon ne ke sa mata suna, mai kemis ya tabbatar masa, ma'aikacin lafiya da ya gaji ya sa hannu. Gyambon ciki cuta ce ta gaske, kuma tana da yawa. Matsalar ita ce zuciya da tumbi maƙwabta ne, kuma jijiyoyin da ke kai saƙon ciwonsu ga ƙwaƙwalwa suna cuɗanya. Idan toshewar ta shafi ƙasan zuciya, ciwon yakan zo a saman ciki, da tashin zuciya, da amai, da gyatsa, tamkar ɓacin ciki. Mutum yana iya shan maganin olsa ya ji ɗan sauƙi, domin ciwon zuciya kansa yana zuwa yana lafawa. Saboda haka sauƙin da aka ji bayan shan farin magani bai wanke zuciya daga zargi ba.

Alamomin da ya kamata kowane gida ya haddace su ne waɗannan. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora dutse ko an ɗaure da igiya, wanda ya wuce 'yan mintoci bai tafi ba, ko yake tafiya yana dawowa. Ciwon da ke yaɗuwa zuwa hannun hagu ko duka hannaye, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu. Gumi mai sanyi ba tare da aiki ko zafin rana ba. Sarƙewar numfashi, jiri, da wani irin tsoro da mai ciwon kansa ba ya iya bayyana dalilinsa. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga, sau da yawa ƙirjinsu ba ya yin ciwo sosai: sai dai gajiya mai tsanani ta farat ɗaya, ko haki, ko amai da gumi. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi, shi ya sa mai suga yana iya rasa rabin zuciyarsa yana cewa kasala ce kawai.

Zan faɗi gaskiya a kan sana'ata. Kemis shi ne asibitin farko na yawancin mutanenmu, kuma a nan ne ake tafka kuskure mafi muni. Allurar kashe zafi irin dikulofenak, wadda ake yi wa kowa da komai, tana daga magungunan da ake hana mai bugun zuciya, domin tana ƙara haɗarin daskarewar jini kuma tana tauye ƙoda. Tana kuma rufe bakin ciwon, iyali su koma barci. Bugu da ƙari, duk allurar da aka soka a tsokar ɗuwawu tana iya zama mafarin taruwar jini a wurin idan daga baya aka ba da maganin narkarwa. Mai kemis da ya yi wa mai ciwon ƙirji da gumi allura ya sallame shi, ya ɓata masa awanni, ya kuma dagula maganin da zai cece shi. Ni da na yi karatun jami'a na faɗa irin wannan rami ta waya, don haka ba daga kan tudu nake jifan kowa ba. Amma a daina kiran wannan abu taimako.

Takardar da ke raba gardama

Zato daga alamomi shi ne matakin farko. Mai tabbatarwa shi ne gwajin lantarkin zuciya, wanda za ku ga an rubuta shi ECG a takardar asibiti, ake furta shi isiji. Ana manna wayoyi 10 a jiki, 6 a ƙirji, 4 a hannaye da ƙafafu, na'ura ta zana yadda lantarki ke ratsa zuciya daga kusurwa 12. Babu allura, babu zafi, kuma bai kai minti 5 ba. Idan babbar jijiya ta toshe ɗungurungum, wani sashe na zanen yakan ɗaga sama, wanda ya koyi karatunsa ya gani nan take. Ƙa'idar duniya ita ce a yi wannan gwaji cikin minti 10 daga lokacin da majinyaci ya haɗu da ma'aikacin lafiya na farko, ko a mota ne, ko a ƙaramin asibiti, ko a tsakar gidansa.

Wannan na'ura ba sabuwa ba ce. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera kakarta a farkon ƙarni na 20, ya karɓi kyautar Nobel a kanta a 1924. Tasa ta kai nauyin kilo 270, tana buƙatar mutum 5 su sarrafa ta. Ta yau tana shiga jakar hannu, tana aiki da batiri, kuma ana iya ɗaukar hoton zanenta da waya a tura wa likitan zuciya da ke wani gari. Muna tura hotunan ɗinki da na biki ta WhatsApp kullum; hanyar da za a tura zanen zuciya ita ce dai wannan.

A kula da abu 2. Na farko, zanen farko yana iya fitowa lafiya alhali ciwon na nan, don haka ake maimaita shi bayan minti 15 zuwa 30 idan alamomin ba su tafi ba, a kuma auna wani sinadari a jini mai suna turofonin, wanda tsokar zuciya ke zubarwa idan ta ji rauni. Shi wannan sinadari sai bayan 'yan awanni yake hawa, shi ya sa ba a jiran sakamakonsa idan isiji ya riga ya nuna toshewa. Na biyu, agogon hannu na zamani mai zana bugun zuciya kusurwa ɗaya kawai yake gani, kuma masu ƙera shi da kansu sun gargaɗi jama'a cewa ba ya gano toshewar jijiya. Haka na'urar awon jini ta gida: tana iya nuna awo mai kyau a tsakiyar bugun zuciya. Kada ɗayansu ya zaunar da ku.

Waɗanda suka ƙi jira

A birnin Belfas na Ailan ta Arewa, wani likitan zuciya mai suna Frank Pantridge ya lura cewa majinyatansa suna mutuwa a gida da kan hanya, a awar farko. Maimakon ya ƙara gadaje, sai ya ɗauki kayan aikin ya kai su inda mutane ke faɗuwa. A 1965 ya haɗa na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki mai nauyin kusan kilo 70, tana aiki da batiran mota, aka ɗora ta a motar asibiti. A farkon 1966 motar ta fara fita da likita da ma'aikaciyar jinya. Daga wannan ƙoƙari ne ƙasashe da dama suka koyi tura kulawar zuciya zuwa ƙofar gida.

Wani zai ce wannan birni ne. To, mu duba karkara. A yankin Grampian na Sikotlan, inda ƙauyuka ke nesa da babban asibitin Aberdeen, an gudanar da bincike a kan majinyata 311 da aka wallafa a 1992. Likitocin ƙauye suka riƙa ba wasu maganin narkar da gudan jini tun a gida, wasu kuma sai a asibiti. Na gida sun sami maganin da wuri da kimanin awa 2, kuma bayan shekara guda mutuwar da aka samu a cikinsu kusan rabin ta ɗaya rukunin ce. Magani iri ɗaya ne. Lokaci ne ya bambanta.

Wani kuma zai ce waɗannan ƙasashen masu arziki ne. Jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya ta amsa masa. An haɗa ƙananan asibitoci 35 da manya 4. Ƙaramin asibiti yana ɗaukar isiji ya tura ta waya ga likitan zuciya, a yanke shawara cikin mintoci, a ba da maganin narkarwa a nan idan tafiya na da nisa, sannan motar asibiti ta wuce da majinyaci zuwa babban. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ƙaruwar waɗanda aka buɗe wa jijiya da raguwar mace-mace cikin shekara. Babu sabon gini da aka yi. Tsari aka sauya.

Uzurorin da na gaji da ji

Uzuri na farko: bugun zuciya cutar Turawa ce da masu kuɗi. Gaskiya ne cewa a da ba a cika ganinsa a asibitocinmu ba, kuma har yau shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya ta dalilin hawan jini sun fi shi yawa a wurinmu. Amma cutar da ba a auna ta, yaya za a ƙirga ta? Mutum ya faɗi a kasuwa da safe, a yi jana'izarsa da azahar, a ce gajeriyar rashin lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi 3 cikin 4 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suka faru. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne iyayen wannan cuta, babu gidan da ba su leƙa ba a unguwanninmu.

Uzuri na biyu: zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wurin haihuwa sun fi cancantar kuɗin. Babu mai musun nauyinsu. Sai dai motar da za ta ɗauki mai ciwon ƙirji ita ce za ta ɗauki mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ita ce za ta ɗauki yaron da ke jijjiga. Lambar waya ɗaya ce, direba ɗaya ne. Kuma magidancin da zuciya ta kayar yana da shekara 50, a bayansa akwai baki 10 da ke ci daga hannunsa.

Uzuri na uku: ba mu da motocin gaggawa. Wannan shi ne mafi ƙarfi, kuma zai zama rashin adalci in gaya wa mutumin ƙauye ya zauna jiran motar da ba za ta zo ba. Nijeriya tana da lambar gaggawa ta 112, a kira ta inda take aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa, kuma sashe na 20 na dokar ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu inda wannan kaso yake tafiya. Amma rashin mota bai hana ƙaramin asibiti mallakar isiji ba, bai hana mai kemis yin tambaya 3 ba, bai kuma tilasta wa kowa ya ce a yanki kati kafin a duba mai gumi da riƙe ƙirji ba.

Uzuri na huɗu: in aka ruga asibiti aka tarar olsar ce fa, an yi asarar kuɗi da barci. Haka ne, kuma yawancin ciwon ƙirji ba na zuciya ba ne. Ku auna asarar biyu. A gefe ɗaya kuɗin mota da na gwaji da daren da aka rasa. A ɗaya gefen magani iri 5 har ƙarshen rayuwa, da sana'ar da ta tsaya, ko kuma makara. Wanda aka mayar gida da labarin cewa zuciyarsa lafiya, riba ya ci.

Abin da za a yi a mintocin farko

Idan wani a gidanku ya nuna alamomin da na lissafa, ku duba agogo ku riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin likita zai gina shawararsa a kan wannan lokaci. Ku zaunar da shi ya jingina, ku sassauta masa tufafi, kada ya yi tafiya mai nisa da ƙafa, kada kuma ya tuƙa kansa. Ku nemi abin hawa nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda zai yi addu'a ya yi ta a cikin mota.

Ku ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, ko ƙananan nan na miligiram 75 guda 4. Taunawa ta fi haɗiya saurin kai maganin cikin jini. Wannan ƙwaya mai arha tana hana gudan jinin ƙara girma. Wani babban bincike da aka wallafa a 1988 a kan majinyata sama da 17,000 ya nuna asfirin shi kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi 23 cikin 100 a makonni 5 na farko, da aka haɗa shi da sitireftokainez kuma raguwar ta kai kusan kashi 42. Kada a ba da shi ga wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai aman jini ko baƙin bayan gida, ko wanda likita ya hana shi, ko wanda ciwonsa ya zo farat ɗaya kamar ana yaga ƙirji zuwa gadon baya, domin wannan na iya zama tsagewar babbar jijiya. Neman asfirin kuma kada ya jinkirta tafiya.

Ku nufi asibitin da kuka san yana da isiji da sashen gaggawa da ke buɗe da dare, ko da akwai wani ƙarami da ya fi kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk gidan da ke da mai hawan jini ko suga ya san wannan asibiti tun yau, ya ajiye lambar mai mota, ya ajiye asfirin inda kowa ya sani. Da isarku ku faɗa da babbar murya: "Ciwon ƙirji ne da gumi, ya fara ƙarfe kaza, muna roƙon a yi masa isiji yanzu." Ku tafi da duk magungunan da yake sha.

Ga wata magana da kunya ke sa a ɓoye, kuma ɓoyewar tana kisa. Idan majinyaci ya sha Viagra ko wani maganin ƙarfin maza a kwana 2 da suka wuce, har da na gargajiya na kwalba da na shayi, waɗanda wasunsu ake zuba musu irin wannan sinadari a ɓoye, lallai ya gaya wa likita. Ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji, idan ta haɗu da shi, tana iya faɗar da awon jini ƙasa warwas. Ya ja likitan gefe ya raɗa masa. Sirrinsa amana ce a hannunmu.

Idan ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa wani abu a baki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa har a sami ma'aikatan lafiya. Saƙon da ke yawo a wayoyi cewa mai bugun zuciya ya yi ta tari da ƙarfi, ko ya sha ruwan zafi, ko barkono, babu abin da yake buɗewa a jijiyar da ta toshe. Ku daina tura shi.

Kira ga abokan aikina da masu iko

Ga masu kemis da masu harhaɗa magunguna irina: duk baligin da ya zo neman maganin olsa don ciwon da ya fara yau, a tambaye shi abu 3 kafin a miƙa hannu kan kanta. Kana gumi ko haki? Ciwon yana tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi? Kana da hawan jini ko suga, ko kana shan taba? Amsa ɗaya ta "e" a biyun farko ta isa a ajiye allura, a ba da asfirin in babu abin da ya hana, a tare masa abin hawa. Cinikin da aka rasa a wannan dare bai kai darajar ran mutum ba.

Ga shugabannin asibitoci: isiji ya zauna a sashen gaggawa, da takardarsa da cajinsa, ba a kulle a ofishin da ake rufewa ƙarfe 4 na yamma ba. A koya wa ma'aikatan jinya ɗaukarsa, a ba su ikon yi ba tare da jiran sa hannun kowa ba. Maganin narkar da gudan jini ya kasance a ma'ajiyar gaggawa, domin abin takaici ne a rubuta wa iyali shi a takarda ƙarfe 2 na dare su shiga gari nema. Ga ma'aikatun lafiya na jihohi: a sa na'ura a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma da kowace motar asibiti, a haɗa su da likitocin zuciya na asibitocin koyarwa ta lambar waya da ake ɗagawa dare da rana.

Watan jiya da kawu ya zo karɓar magani, na ce masa: "Kawu, da na yi maka tambaya biyu a daren nan, da wataƙila ba ma nan." Ya yi murmushi ya ce: "Likita, abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Amma ka riƙa tambayar na gaba." Tun daga lokacin ban sake ba da maganin olsa ta waya ba. Ku ma, daren da wani naku ya dafe ƙirji yana gumi ya ce olsa ce, ku duba agogo, ku ba shi asfirin ya tauna, ku fita da shi.